Kwaɗon Ɗakin Baya

Litinin, 3 ga wata, 7:40 na safe

Yau kwanana goma sha ɗaya a gidanmu. Na ɗauki hutu a makarantar da nake koyar da lissafi, na zo jinyar Yaya. Likita ya ce jininta ne ya hau ya taɓa wani wuri a ƙwaƙwalwa. Ƙafafu lafiya lau, hannun dama ne ya yi nauyi, sai magana da ta ɗauke. Matar da ta rubuta littattafai shida, yau kalmomi uku suka rage mata: "to", "bari", da "Auta". Shekarata hamsin da bakwai, ina da jikoki biyu, amma a bakinta har gobe Auta ce ni.

Nas ɗin da ke zuwa duba ta ce ta ce in riƙa rubuta abin da Yaya ta ci da lokacin shan magani. Shi ya sa na sayi wannan littafin. Ga shi tun shafin farko na fara zuba abin da ba a tambaye ni ba.

Shayi rabin kofi. Burodi yanka ɗaya. Magani ƙarfe bakwai.

Talata, 4 ga wata, 2:15 na rana

Edita ta zo daga kamfanin da ke buga wa Yaya littattafai. Yarinya ce, ba ta wuce talatin ba, ga tabarau ga saurin baki. Ta kawo labarin ƙarshe da Yaya ta miƙa musu wata biyu kafin ta kwanta, shafi ɗari uku da sha biyu, ba a ɗinke ba tukuna. Suna so wani na gida ya karanta, ya ɗan rubuta bayani a ƙarshe, tunda mai littafin ba ta iya magana.

"Anti, abu ɗaya ne ya hana ni sakat," in ji ta. "Kwaɗon nan."

Na ce wane kwaɗo?

Ta ce a waya ta gaya wa mai zanen bangon littafi ya zana kwaɗo, sai ga shi ya turo musu wani ƙato kore, ya zaro ido a bakin tafki. "Na ce masa, Malam, na ƙofa nake nufi, ba na ruwa ba!" Muka yi ta dariya. Yaya na zaune a kujerarta, ita ba ta yi ba.

"Na ƙirga, sau goma sha huɗu ya fito a labarin," Edita ta ce. "Kuma ko sau ɗaya ba a kulle yake ba. Kullum a buɗe. Makulli kuwa babu shi a duk littafin. Ba ta taɓa gaya miki abin da take nufi da shi ba?"

Na ce mata ni malamar lissafi ce, in ba abin tarawa ko rabawa aka ba ni ba, ba ni da amfani.

Da ta tafi, Yaya ta ɗora hannunta mai lafiya a kan takardun ta ce, "Bari." Ban sani ba ko in ƙyale take nufi, ko in jira.

Laraba, 5 ga wata, 11:30 na safe

Na fara karantawa. Labarin wata mata ce mai tantance wasiƙu a gidan waya, da mijinta direban jirgin ƙasa. Babu abin da ya shafe mu. A shafi na tara kwaɗon ya fito, rataye a jikin akwatin ƙarfe na wata ɗaliba. Ƙarami, na tagulla, ya ɗan lotsa ta gefe ɗaya kamar an cije shi.

Na kife takardun na je na sake wanke kofunan da na riga na wanke.

Alhamis, 6 ga wata, 4:30 na yamma

Shinkafa cokali shida. Magani a kan lokaci. Ban karanta ba.

Juma'a, 7 ga wata, 9:20 na safe

Tun da Baba ya rasu Yaya ta mai da ɗakin baya ɗakin rubutunta. Tebur, kujera, fanka, taga mai ƙarafa. Yanzu ma can take son wuni, ta juya kujera ta fuskanci ƙofa. Ni kuma daga bakin ƙofa nake miƙa mata abinci in juya. Nas ta lura.

"Malama, akwai abin da ke cizo a ɗakin ne?"

Na ce ƙurar littattafai ce ke sa ni atishawa.

An sake wa ƙofar nan fenti sau uku da na sani, amma ƙarfen da ake maƙala kwaɗo yana nan. Ba wanda ya cire shi. Fenti kawai ake bi ta kansa.

Asabar, 8 ga wata, 12:50 na rana

Yaya ta fita.

Wajen ƙarfe sha ɗaya na shiga wanka. Minti goma sha biyar, ba ƙari. Na fito na tarar da ƙofar gida a wangale, rana ta shigo har tsakiyar falo. Na fita da ɗankwali a hannu ina kiran "Yaya, Yaya" a titi kamar zararriya. Sai ga Tela, mai shagon da ke kallon gidanmu, riƙe da jakarta, tana biye da shi. A mararraba ya cim mata, wajen kantin magani.

"Malama, ba tafiyar ruɗewa take yi ba fa," ya ce. "Ta sa takalmi daidai, ta yafa mayafi, ta ɗauki jaka. Tafiya take kamar mai alƙawari da wani. Da na tare ta, kallon da ta yi mini sai da na ji kunya."

Ban yi mata faɗa ba. Na kawo mata ruwa.

Litinin, 10 ga wata, 11:40 na safe

Ta sake. Ina shanya a baya. Tela ya sake dawo da ita. Ƙarfe sha ɗaya ne, kamar ranar Asabar. Sau biyu na duba agogo.

Litinin, 6:10 na yamma

Ɗanta ya kira daga garin da yake aiki. Injiniya muke ce masa tun kafin ya gama karatun. Tela ne ya gaya masa.

"Anti, wata rana mota za ta kaɗe ta. A sa kwaɗo kawai. Ba kullum ba, in za ki shiga wanka ko ki je kanti."

Na ce a ƙofar gida?

"Ƙofar gida ai ta ciki ake buɗe ta, Mama ta fi kowa sanin kanta. Ɗakin baya nake nufi. Can take son zama, akwai fanka, ga ƙarfe a jikin ƙofar, kamar an san za a buƙata."

Na ce ba na jin sa sosai, na kashe.

Bai sani ba. Abin da aka gaya masa shi ne kakarsa ta rasu tun muna yara.

Laraba, 12 ga wata, 3:00 na rana

Kwaɗon ya sake fitowa a shafi na 41, a aljihun teburin wani likita. Shafi na 77, a ƙasan bokitin ruwa. Shafi na 120, a cikin wani ƙunshi da aka aiko gidan waya ba adireshi. Matar ta buɗe ƙunshin, ta gan shi, ta jefa a jakarta, ta ci gaba da aiki. Abin da ya fi damuna ke nan. Duk mutanen littafin suna ganin sa, ba wanda yake tambayar na waye. Suna ɗaga shi su share ƙasansa su mayar.

Edita ta kira tana murna. "Anti, ni ina ganin shirun mata ne. Ko kuma 'yanci, tunda a buɗe yake. Shugabanmu kuma ya dage wai aure ne."

Na ce duk kun ci jarrabawa.

"A'a Anti, ba haka ake yi ba. Dole akwai wanda ya fi kusa."

Na ce tukunya na kan wuta.

Asabar, 15 ga wata, 5:20 na yamma

Injiniya ya zo da sabon kwaɗo, babba, fari tas, da makullai uku a zobe. Ya sa wuƙa ya kankare fentin da ya toshe ƙarfen ƙofar. Ƙarar kankarar nan har cikin haƙorana nake jin ta. Yaya na zaune tana kallo.

Da ya gama ya durƙusa a gabanta. "Mama, don lafiyarki ne. Ba za a daɗe ba."

Ta ce, "To." Amma ni take kallo.

Yaron kirki ne, na san tsoro ne ya sa shi. Ya miƙo mini makullan yana murmushi. "Ki sa musu zare ki rataya a wuya, Anti, kada su ɓace."

Na shiga banɗaki na kunna famfo na daɗe.

Lahadi, 16 ga wata, 1:00 na rana

Ya koma. Makullan na cikin jakata. Ba a wuyana ba.

Litinin, 17 ga wata, 12:15 na rana

Magani ya ƙare, dole in fita. Na ce, "Yaya, yanzu zan dawo." Na ja ƙofar, na sa kwaɗon. Ban kalli fuskarta ba.

Minti ashirin da biyar na yi. Da na dawo, tun daga farkon baranda na hango shi. Yana rataye a buɗe. Ƙofar na rufe yadda na bar ta. Na tura a hankali. Yaya na zaune, ta yafa mayafi, jaka a cinya, ta fuskanci ƙofa. Ba ta fita ba.

Na zazzage jakata a ƙasa. Makullai uku, a zobensu. Na tsallaka na tambayi Tela ko wani ya shiga. Ya ce tun safe yake bakin kekensa, ko kyanwa ba ta shiga gidan ba.

Ta ciki ba a isa ga kwaɗon. Na gwada, ban ga ta yadda za a yi ba.

Talata, 18 ga wata, 11:50 na safe

Yau na danna shi, na ji ya yi ƙas. Na ja sau uku. Na ce da ƙarfi, "Na kulle," kamar mai koya wa 'yan aji ɗaya. Wanka kawai na shiga, da jakata a rataye a bayan ƙofar banɗaki.

Na fito. A buɗe.

Na tsaya a baranda ruwa na ɗiga daga kaina. Rana tsaka, unguwa ta yi tsit, ba ka jin komai sai fankar ɗakin. Kwaɗon na ɗan lilo. Sai aka ce daga ciki, a hankali, "Auta."

Muryar Yaya ce, na sani. Amma Yaya ta tsufa, muryarta ta koma ta wata. Sai yau na ji haka.

Laraba, 19 ga wata, 2:00 na rana

Ban yi wanka ba. Ban fita ba.

Alhamis, 20 ga wata, 10:30 na safe

Na gaya wa Nas. Ba ta yi dariya ba, ta ce in kulle a gabanta. Na ja ƙofa, na sa kwaɗo, na juyo.

"Malama, ai ba ki danna ba."

Na ce na danna. Ta nuna mini. Yana rataye, bakinsa a sama. Ta sa yatsa biyu ta danna, ƙas. Muka tsaya minti goma muna kallon sa kamar marasa aikin yi. Bai buɗe ba.

"Gajiya ce," in ji ta. "Mai jinya ma majinyaci ne. Hannunki ne ba ya so."

Na yarda da ita. Na fi son in yarda da ita. Amma ranar Talata da kunnena na ji ya yi ƙas.

Juma'a, 21 ga wata, 4:00 na yamma

Edita ba ta gani ba. Shafi na 203. A layin masu sayen kan sarki akwai wata yarinya 'yar shekara tara, rabin kanta a kitse, rabi a tsefe. Da zare a wuyanta, ta dafe ƙirji da hannu. Layi uku ne kawai, ba ta sake fitowa ba. Ba a faɗi abin da ke jikin zaren ba.

To bari in rubuta. Ba wanda zai karanta sai ni.

Inna ba rasuwa ta yi ba. Bayan ƙaninmu ya rasu yana jariri, wani abu ya same ta. Takan yi kwana uku ba magana, sai kuma ta tashi ta kama hanya. Sau huɗu ana dawo da ita. Baba ma'aikacin hukumar ruwa ne, ba ya iya zama gida, kuma yana jin kunyar unguwa. Ya sayo kwaɗo na tagulla. In zai tafi aiki sai ya kulle ta a ɗakin baya. Yaya na zuwa makarantar safe, ni ta yamma, don haka da safe makullin na wuyana. Ƙa'idar ita ce in buɗe da azahar in miƙa abinci in mayar. Lotsawar da ke jikinsa, ranar farko Inna ta buga ƙofar da kujera.

Ranar nan, wajen ƙarfe goma, ta kira ni ta bayan ƙofa. Ba da muryar ciwo ba, da muryarta ta da. "Auta, na ga kanki jiya, kamar sheƙar tsuntsu. Buɗe in yi miki kitso." Wata shida rabon da ta taɓa kaina.

Na buɗe.

Ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta a baranda. Hannunta na da ɗumi. Ta yi rabi, ta ce man ya ƙare, in zauna kada in motsa, yanzu za ta dawo. Ta sa takalmi, ta yafa mayafi. Ƙarfe sha ɗaya ne, na ji a rediyon maƙwabta.

Ban motsa ba. Har lokacin makaranta ya wuce ban motsa ba.

Shekara biyu Baba yana nema, asibiti-asibiti, gari-gari. Bai taɓa tambayar wa ya buɗe ba. Ya dai cire zaren daga wuyana. Da ma dukana ya yi. Daga baya in baƙo ya tambaya sai ya ce ta rasu, mu ma muka koyi faɗin haka. Ni da Yaya ba mu taɓa zancen ranar nan ba, shekara arba'in da takwas.

Ruwa kofi biyu. Ayaba ɗaya. Magani ƙarfe huɗu.

Lahadi, 23 ga wata, 5:45 na yamma

Injiniya ya kira. Nas ta gaya masa na gaji, kuma kwaɗon ba ya aiki a hannuna. Bai yi fushi ba, da ma ya yi.

"Anti, kin yi iya yinki. Ƙarshen wata zan zo in ɗauke ta. Ina hawa na biyar, ba inda za ta je. Zan samo mai kula da ita."

Na ce Mamanka ba ta taɓa yin sati biyu a wajen gidan nan ba. Ko da ta yi aure, Babanka ne ya dawo nan da zama.

"Na sani. Ban taɓa gane dalili ba. Gida ne dai kamar kowane gida."

Yaya na bayana, ban san ta fito ba. Ta ji. Ta koma ɗakin baya, ta ja ƙofar da kanta.

Litinin, 24 ga wata, 11:20 na safe

Ƙarfe sha ɗaya ta miƙe ta ɗauki jaka. Na tsaya a bakin ƙofar gida na buɗe hannuwa. Ta dube ni, ta koma ta zauna. Yadda Baba yake tsayawa na tsaya. Har karkatar da kan.

Talata, 25 ga wata, 3:30 na rana

Yau ban tare ta ba. Na sa takalmina tun goma da rabi na zauna a falo. Da ta fito na buɗe mata ƙofar. Tela ya miƙe daga kan keke, na ɗaga masa hannu ya zauna.

Na bar taku goma a tsakaninmu. Ba ta waiwayo ba. Ta wuce kantin magani, ta tsallaka mararraba bayan ta duba hagu da dama. Ta bi ta gefen tsohuwar makarantarmu, wadda yanzu ta zama wurin ajiye siminti. Ta hau gadar masu ƙafa tana jan hannunta mai nauyi a jikin ƙarfe, ta huta sau biyu. Ban taimaka mata ba. Minti arba'in muna tafiya. Ban san Yaya na da wannan ƙarfin ba.

Tashar mota ta shiga. Hayaniya, hayaƙi, masu kiran fasinja. Ta ratsa su kamar ba ta gan su ba, har ta kai wani tsohon ginshiƙi kusa da ɗakin da a da ake yankan tikiti. Yanzu wani mai gyaran waya ne a ciki. Nan ta tsaya. Ta zuba wa wani fili ido, inda ba mota ko ɗaya, sai kwalabe da baƙin mai.

Na matso na ce, "Yaya."

Ta juyo. Ta dafa kafaɗata da hannu mai lafiya, ta juya ni ta fuskantar da ni hanyar gida, yadda ake juya yaro. Bakinta ya yi ta motsi kafin su fito.

"Koma," ta ce. "Auta na gida."

Sababbin kalmomi ne. Kuma ba nata ba ne.

Na ce, "Yaya, wa ya gaya miki haka? Inna?"

Ta gyaɗa kai.

"Kin gan ta ranar nan?"

Ta nuna baya, wajen makaranta. Sai ta nuna ƙafafunta, ta nuna ƙasa.

"Kin hango ta daga makaranta kika biyo ta? Har nan?"

"To."

"Ta shiga mota?"

Ta gyaɗa kai. Ta ɗaga ƙafa ɗaya kamar mai hawa, ta daki ƙirjinta. Ita ma ta hau. Sai ta sauke ƙafar a hankali.

"Koma," ta sake cewa. "Auta na gida. Ita kaɗai."

Shekararta goma sha uku a lokacin. Ƙafarta ɗaya a mota tare da uwarta, aka ce ta sauka saboda ni, ta sauka. Ta dawo gida a lokacin da ake tashi daga makaranta, ta same ni a baranda, ta ɗauki mataji ta ƙarasa mini kitson. Ba ta gaya wa Baba ba. Da ta faɗa, da ya bi hanyar ya dawo da Inna ɗakin baya. Ko kuma da an same ta ta warke. Ba wanda ya sani, kuma ita kaɗai ta ɗauki wannan rashin sanin duk shekarun nan.

Na ce, "Ni na buɗe, Yaya."

Ta yi mini wani kallo, irin wanda take mini tun muna yara in na kawo mata labarin da kowa ya riga ya ji. Ta sa gefen mayafinta ta share mini fuska, da ƙarfi, kamar mai goge tebur.

Mai gyaran waya ya fito da kujeru biyu bai tambaye mu komai ba. Muka zauna har rana ta karkata. A mota muka dawo. Ta yi barci a kafaɗata.

Laraba, 26 ga wata, 6:30 na yamma

Na kira Injiniya na gaya masa duka, tun daga jaririn har tasha.

"Ni kuma na kankare ƙarfen nan a gabanta," ya ce.

Na ce ba ka sani ba.

"Na ce ki rataya a wuya."

Na ce ba ka sani ba, ɗana.

Ba zai ɗauke ta ba. Zai zo ranar Asabar, yana so mu je tashar tare. Ni kuma na rubuta wa makaranta a ƙara mini hutu. In ba su yarda ba, shekaruna sun isa ajiye aiki.

Alhamis, 27 ga wata, 1:15 na rana

Edita ta zo karɓar bayani. Na ce ban rubuta ba, kuma ba zan rubuta ba. Fuskarta ta canza.

"To ko a baki, Anti. Me yake nufi?"

Na ce na Babanmu ne, a kasuwa ya saya. Na buɗe mata shafi na 203 na ɗora yatsa. Ta karanta sau biyu. Ta dubi kaina, ta dubi wuyana, ta cire tabarau ta goge.

Na ce, "Sau goma sha huɗu ta rubuta shi a buɗe, ba ta taɓa rubuta hannun da ya buɗe ba. Ni abin da na gani ke nan. Ku buga shi yadda yake. Masu cewa aure ne su ce."

Ta je ta durƙusa ta gaida Yaya, ta daɗe riƙe da hannunta.

Asabar, 29 ga wata, 5:00 na yamma

Mun je mu uku. Injiniya ya samu wani tsohon direba da ke zama a inuwar tashar, ya tambaye shi inda motocin wannan gefen suke zuwa a wancan zamanin. Ya ce hanya uku ce, kowace da garuruwanta, biyu ma sun ƙetare iyaka. Injiniya ya rubuta sunayen a wayarsa. Ban hana shi ba, ban kuma ce masa zai samu wani abu ba.

Yaya ta ci shinkafa faranti guda da muka dawo. Yanzu tana ɗakin baya, ni ma a nan nake rubutun nan, a kan teburinta.

Ɗazu na yi lissafi a gefen takarda. Inna na da shekara talatin da huɗu a lokacin. In tana raye, tamanin da biyu ke nan. Mutane suna kaiwa haka.

Injiniya ya tashi zai sa wa ƙofar gida sakata. Ni da Yaya muka ɗago kai a tare. Ya dube mu, ya cire hannunsa, ya dawo ya zauna.